Kwalbar Ishaya

Likita ce ta ce in dinga tafiya.
Ta rubuta a takarda kamar magani:
da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi.
Ni da na shekara talatin gaban allo a Dass
ban taɓa sanin abin da ke bayan Dutsen Mbula ba,
ga shi kullum a tagar ajina.

Ishaya ya sani.
Tsohon ma'aikacin gandun daji ne,
sandar gora, takalmin roba mai ɗinki uku.
Ya ce, "Malam, cire agogon nan,
dutse ba ya rubuta sunan wanda ya makara."

Bazara ce ranar farko.
Ƙasa ta yi kaushi kamar diddigen manomi,
amma itatuwa sun yi tofo,
sun ci bashin ruwan da bai sauka ba.
Muka isa magangara, ina haki kamar zugazugi.
Babu ko ɗigo.
Sai wani farin zane a ƙirjin dutse,
kamar alli da aka tashi makaranta ba a goge ba.
Na ce, don wannan ka jawo ni?
Ya ce, "Gidan ka gani. Mai gidan ya yi bulaguro."

Da marka ta kankama
ciyawa ta haɗiye hanya,
raɓa ta kama wando har gwiwa,
muna tsintar kaɗanya muna tsotsa muna tofar da ƙwallo.
Tun daga gindin tsamiya muka jiyo shi.
Mai gida ya dawo, da faɗa ya dawo,
ja wur, ɗauke da ƙasar gonakin tudu,
yana dukan dutse kamar mai bin bashi.
Feshi ya rufe mini tabarau.
Ishaya na magana, bakinsa kawai nake gani.
Wani gwaggon biri a kan fa
ya dube mu sama da ƙasa, ya ci gaba da susa.

A hanyar dawowa gansakuka ta ɗauke ƙafarsa.
Mutumin da ya san sunan kowace bishiya
ya sauko a kafaɗata,
yana ba ni haƙuri kamar shi ya zuba santsin.

Gwiwar ba ta koma ba.

Yanzu ni kaɗai nake hawa.
Ya ba ni kwalbar maganin tari da ya wanke,
ya ce, "Ɗebo mini, in ga yadda yake."
Da kaka na wuce mata suna sussukar acca a kan dutse,
suka ce ina abokin tafiya, na ce yana gaishe ku.
Ruwan ya rame, ya yi hankali,
har tsakuwar ƙasansa kana iya ƙirgawa.
Ishaya ya ɗaga kwalbar a hasken ƙofa,
ya girgiza, ya jira,
ya ce, "Ya huce. Sauran wata biyu."

Wata biyu da kwana tara, ban ce masa ya yi kuskure ba.

Jiya na koma, rani ya yi tsakiya.
An ƙone ciyawa, tudu baƙi ƙirin,
rema ta leƙo daga kogo ta koma.
Farin zanen na nan inda muka bar shi.
Na durƙusa, duk da likita ba ta rubuta wannan ba,
na tona yashi da hannu har wuyan hannu.
Can ƙasa akwai sanyi.
Shi na cika kwalbar da shi.

Na same shi a kan tabarma yana gyaran rediyo.
Ya buɗe, ya shinshina, ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan ya mayar da murfin a hankali
kamar wanda ba ya son tada mai barci,
ya ce, "Malam, ka wanke hannu, ga kunu."